Zanen Zumuntar Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina sabuwar malama a Kafanchan, yayar mahaifina, wadda muke kira Anti, ta zo ɗaukar fim wajen Fadan Kagoma. Tsohuwar 'yar wasa ce. Ta fara a dandamalin coci tun tana budurwa, ta yi wasan talabijin a Kaduna, daga baya ta koma fim, kuma kusan kullum muguwar mace ake ba ta. Ni kuwa ina ji da ita, ko jakarta ta ce in riƙe sai in ji kamar ni ce tauraruwar.

Wata rana ta ce min, "Ina neman zanin zumuntan mata, na kwana ɗaya kawai."

Zanen da matan coci ke ɗaurawa iri ɗaya ke nan, ban kuwa tambayi me za a yi da shi ba. Na buɗe akwatin mahaifiyata na ɗauko nata, wanda dutsen guga ya taɓa ƙona wa gefe ta yi masa faci. Washegari na mayar, ina yaba wa kaina wayo.

Bayan wata huɗu fim ya fito. Ga Anti cikin zanen zumunta, ta fito daga sujada ta zarce gidan burkutu, ta ɗaga ƙwarya tana rangaji. Facin nan kuwa ya fito ɓaro-ɓaro. Duk matan cocinmu sun san shi, domin mahaifiyata ce ke ba da waƙa, shekara goma sha biyu suna tsaye a bayanta. Dattawan coci suka ce ta zo ranar Asabar. Idan ta tabbata ita ta ba da zanen, za a sa ta a horo, ta koma bencin baya, ba waƙa.

Satin nan ban zauna wuri ɗaya ba. In shiga ɗakinta da niyyar faɗa, in ɓuge da tambayar ko akwai gishiri. A aji na rubuta darasin jiya a allo, sai da yara suka tuna min. Har Gidan Waya na hau babur na je wajen ƙawata, na dawo ban gaya mata komai ba. Tsoro nake ji ƙwarai, ga kunya.

Ranar Asabar ina raɓe a bakin tagar coci sai ga Anti, ko mayafin kirki babu.

"Dattawa, ku yi haƙuri," in ji ta. "Shekara talatin ana zagina a kasuwa don abin da ban yi ba. Na yarda, aikina ne. Amma wannan mata bai yi wasa ba, bai ma san na sa zanin ba."

"To wa ya ba ki?" in ji wani dattijo.

Anti ta yi shiru, mahaifiyata ma haka. Na shiga na ce ni ce.

Faɗa na sha, ba a sa kowa a horo ba. A hanyar gida na fara ba mahaifiyata haƙuri, ta katse ni.

"Tun ranan da kin mayar na sani. Ba haka nake ninke zanina ba."

Wato da ban shiga ba, da ta koma bencin baya ba tare da ta kira sunana ba. Anti ta rasu yanzu, fim ɗin ma ba mai tuna shi. Amma har yau in na ga facin nan a akwati sai in ji kunya, domin mata biyu sun rufa min asiri ranar, ni kuwa sati guda na yi ina neman gishiri.