Ayaba a Jinin Masta

Shekarar da na fara koyon gwajin jini, an tura ni wani ƙaramin asibiti a Dabokpa, ƙarƙashin wani mutum da kowa ke kira Masta. Farar rigar aiki ba ta barin jikinsa. Da ita yake hawo babur daga Kaladan, da ita yake tsayawa sayen koko a bakin titi, kada mai kokon ta ɗauka shi ma mutum ne kamar kowa.

Aikin dai ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shi ya koya mini shafa ɗigon jini a gilashi, in bari ya bushe, in zuba rini, in ɗiga mai, sannan in leƙa ta madubin da ke ƙara girman ƙwayoyin cuta. Ya nuna mini ƙwayar maleriya mai kama da zobe, ya nuna mini wadda ake kira gametosait, doguwa mai lanƙwasa kamar ayaba, da ɗan baƙi-baƙi a tsakiyarta. Ya ce ita wannan ba ta kwantar da mutum. Zama take a jini tana jiran sauro ya kwashe ta ya kai wa wani, mai ita kuwa yana yawonsa garau.

Matsalarsa baki. Duk gilashin da aka ga ayaba a ciki, sai mai jinin ya sha wa'azi a kan ƙazanta da jahilci.

Da damina wata jami'a ta zo daga ofishin lafiya don ta gwada idonmu wajen gano ƙwayoyin cuta. Ta ɗebi jinin ma'aikata duka, ta haɗa da na wasu Fulani mata uku da ke sayar da nono a ƙofar asibitin. Ta sa wa kowane gilashi lamba, takardar sunayen kuma ta jefa a jaka. Masta ya miƙa yatsa yana dariya, yana cewa shi sauro ya san shi, rabonsa da zazzaɓi tun yana saurayi.

Lamba bakwai ta faɗo hannuna. Ina juya madubi sai ga ayaba kwance, na matsa gaba ga wata. Na kira Masta. Ya leƙa, ya yi tsaki, ya tara mu gaba ɗaya. Ya ce ko ba a faɗa masa ba, wannan jinin ruga ne, jinin masu kwana da shanu a waje ba gidan sauro, su shigo gari da ƙwarya a ka su raba wa mutane cuta. Matan nan suna zaune a benci ta bakin taga, kuma Hausa ba ta ɓace musu ba. 

Jami'ar ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ciro takardar.

"Masta," in ji ta, "lamba bakwai taka ce."

Ya ce an cakuɗa gilasan. Ba ta yi musu ba, ta miƙa masa sabuwar allura. Da hannunsa ya huda yatsa, ya shafa, ya rina, muna tsaye muna jiran ya bushe. Ya daɗe sunkuye a kan madubin har na fara jin tausayin wuyansa. Na matan uku kuwa aka duba ciki da bai, ba a ga komai ba.

Da za su tafi, babbar cikinsu ta leƙo ta taga ta ce, "Allah ya ba ka lafiya, likita. A ji tausayin maƙwabta, a sayi gidan sauro."

Ya sha magani a ɓoye, ya hana a ta da maganar. Sati biyu bai amsa gaisuwata ba, tunda ni na fara gani. Da wa'adina ya cika, ya rubuta wa makarantarmu cewa ina da kaifin ido amma ladabina da saura.