Kod ɗin Gidana a Wayoyin Fada

Matata ungozoma ce a likitar Jiratawa, wato asibitin garin. Kullum da safe takan hau kabu-kabu daga gidanmu a Sabon Garin Maraɗi, ta dawo da yamma a gajiye. Ni kuwa kayan babur nake sayarwa, karatuna bai wuce firamare ba. A shekarar da nake magana ta nemi a ɗauke ta ƙarin karatu, ta ci jarrabawar rubutu, saura ta baki. Ita ta bakin ba sai ta je Yamai ba. Za ta zauna gaban ordinatarta, wato kwamfuta, a gida, masu tambaya su gan ta, ita ma ta gan su. Wanda aka kira bai amsa ba, sai baɗi.

Saboda wannan muka sayi akwatin wifi, ɗan fari mai fitilu, irin wanda ake sa wa kati kamar waya. Kod ɗin da ya zo da shi, wato kalmar sirrin shiga, dogo ne, haruffa da lambobi a cakuɗe, sai na sa mai shagon ya canza mini shi zuwa kalma mai sauƙi. Na ce mata don kada mu manta ne. Gaskiyar ita ce ina son abin da zan iya faɗa da baki. A ƙofar gidana fadarmu take, inda muke zaman shayi, kuma tun da nake ban taɓa samun abin da zan miƙa wa mutane su riƙa yi mini godiya kamar wannan kalma ba. Na ba wannan, na ba wancan, wanda na ba ya ba wani. Ta taɓa tambayata, na ce mata ban ba kowa ba.

Ranar jarrabawar ta faɗo a lokacin kokowa, kuma ɗan Maraɗi zai shiga fili. Tun kafin azahar fada ta cika, har da fuskokin da ban sani ba. Surukina ma ya zo daga Tsibiri don ya yi wa ɗiyarsa addu'a. Ya yi, ya fito, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ni da hannuna na karɓi wayarsa na sa masa kod don ya ga kokowar. Ya sa mini albarka.

Bayan mun idar da salla ta aiko a kira ni. Na iske ta a ɗaki ta sa farar rigarta ta aiki, takardunta a jere a kan tebur.

"Malam, zo ka gani. Ya yi nauyi."

Ta buɗe wurin da za a yi jarrabawar don ta gwada. Wani ɗan zobe ne kawai yake juyawa a tsakiyar allon. Can hoto ya fito, fuskar wata mata, baki a buɗe, ta daskare haka nan. Murya ta zo a gutsure, ta ɗauke.

Tun a wannan lokaci na san dalili. Ba zan ce ban sani ba. Amma sai na durƙusa gaban akwatin kamar mai bincike, na kashe shi, na jira, na kunna. Da ya dawo hoton ya tafi sumul, matar nan ta motsa, muka ji maganarta sarai. Matata ta sauke ajiyar zuciya. Ba a jima ba zoben ya dawo. Wayoyin waje ne suke sake kamawa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na ce mata rufin kwano ne yake tare rezon intanet.

Na ɗauki akwatin na ɗora a taga. Abin ya ƙara lalacewa, don tagar tana kallon titi, kusa da su na kai shi. Na maido shi, na ɗora a kan kabad, na ɗaga shi sama da hannu kamar mai haska fitila. Na ce ta rufe sauran shafukan da ta buɗe, ta rufe. Na duba ko forfen datar da muka saya ne ya ƙare, akwai saura da yawa. Na kira kamfanin suka sa mini kiɗa. Daga nan na juya kan ordinatar, na ce ai tsohuwa ce, tun ranar da aka kawo mata ita daga Najeriya na san ba ta da ƙarfi.

"Jiya da safe lahiya lau ta yi," in ji ta.

"Jiya daban, yau daban."

Wayarta ta yi ƙara. Abokiyar aikinta ce, wadda ita ma take cikin masu jarrabawar, ta rubuto cewa an fara kira. Matata ta karanta, ta kife wayar, ta share tafin hannunta a jikin riga.

Sai ihu ya tashi a waje, an kusa kayar da wani. Bayan ihun kuma muryar mai sharhin kokowa, ba daga waya ɗaya ba, daga wayoyi da yawa, wata na gaba wata na baya. Ta ɗaga kai tana saurare. Ta dubi zoben da ke juyawa, sannan ta dube ni.

"Wa da wa ka ba?"

"Mi?"

"Kod."

"Mutum biyu ne ko uku."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Tahi ka ce su kashe. Yanzu. In sun kashe zan samu."

"Har da Baba fa."

"Ko Baba ne. Shi zai fara kashewa in ya ji."

Na fita da niyyar faɗa. Na iske su kai a haɗe, ƙungiya-ƙungiya, kowace da wayarta. Na tuɓe takalmi na tsuguna nesa kaɗan da tabarmar surukina, kamar yadda na saba. Kafin in buɗe baki wani abokina mai faci ya hango ni.

"Ga mai wifi nan. Kai, wanga abu naka yau bai karya kumallo ba? Mutum ya ɗaga ƙafa zai yi kaye, sai ya tsaya a sama kamar zakara."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Surukina ya ɗago ya ce, "Tana shiri dai ko?" Na ce tana shiri, Baba. Aka miƙo mini shayi na karɓa. Maganar tana bakina, gajeriya ce, amma in na faɗe ta na gaya wa mutanen da suka zo ƙofata cewa sun yi mini yawa, na kuma karɓe wa surukina abin da na ba shi ɗazu a gaban jama'a. Na kurɓi shayin ya ƙona mini harshe. Na ce musu kamfanin ne yake wasa da mutane yau. Na ajiye kofin na koma ciki.

Ta ga fuskata, ta gane. Ta miƙe tana gyara mayafi za ta fita da kanta. Na tare ƙofa. Na tuna mai shagon ya taɓa nuna mini wani ɗan rami a bayan akwatin, ya ce in aka danna shi komai zai koma yadda ya zo daga kamfani, har kod. Na ga hanyar da zan sallami kowa ba tare da na yi wa kowa magana ba. Na karyo tsinken tsintsiya na cusa, ban ko yi shawara da ita ba.

Fitilun suka mutu gaba ɗaya. A waje surutu ya canza, ana tambayar juna. Abin da ban yi tunani ba shi ne ordinatar ma ta fita tare da su. Akwatin ya daɗe kafin ya farfaɗo, muna tsaye a kansa. Da ya dawo sai ya nemi tsohon kod, dogon nan da ke rubuce ƙanana-ƙanana a ƙarƙashinsa.

Na janye ordinatar gabana, ina so a ce ni na gyara. Na karanta, na buga da yatsa ɗaya. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ɗige-ɗige kawai suke fitowa, ba na ganin abin da nake rubutawa.

"Ba ni, Malam."

"Bari, na kusa."

Wayarta ta sake yin ƙara. Ta duba. Abokiyar ce, ta ce an kira sunanta, shiru, an wuce.

"Tashi," ta ce.

Na tashi. Ashe madannan ordinatar na Ingilishi ne, amma cikinta an mayar da shi Faransanci saboda rahotannin aikinta. In ka danna A, Q ne yake shiga, lambobi kuma ba sa fitowa sai ka danne wani maɓalli tare da su. Ita ta saba, ba ta ko duba madannan. Na riƙe mata akwatin a kife tana karantawa. Bugu ɗaya ta shiga.

Hoton ya fito tas, ba ko gargada. Na fita na tsaya a bayan labule. Na ji tana ba da haƙuri da Faransanci, na ji wata murya tana amsa mata a taƙaice. Suka bar ta tana jira har kowa ya gama, sannan suka ba ta ɗan abin da ya rage na lokaci. Ban ji duka ba, amma na gane sun tambaye ta a kan zubar jini bayan haihuwa, abin da ta sha tarewa da hannunta a Jiratawa, abin da takan ba ni labarinsa muna cin tuwo. Ta fara, ta tsaya, ta koma farko. Muryarta da na ji kamar ba tata ba.

Bayan la'asar surukina ya yi sallama ya shigo, ya tambaye ta yadda aka yi. Ta ce an yi, sai abin da Allah ya nufa. Ba ta dubi inda nake ba. Ya yi mata addu'a, na raka shi ya hau babur zuwa Tsibiri, yana ba ni labarin yadda aka yanke musu kallo ana tsakiyar kaye.

Ba a ɗauke ta ba a wannan shekara. Ba ta taɓa gaya wa kowa dalili ba, ko mahaifiyarta. Ni na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce, ta ci gaba da tankaɗen da take yi.

Da shekara ta zagayo ta sake nema. Ba ta gaya mini ranar ba. Ta fita da safe kamar kullum, jakar ordinatar a kafaɗa, ta yi jarrabawarta a wani ɗaki a likitar Jiratawa da rezon wayarta. Sai da sakamako ya fito, an ɗauke ta, sannan na san an ma yi.