Makaɗin Mahauta a Cikin Farar Riga

Dramani ɗan Imoro gadon kiɗa ya yi, ba haye ba. Ubansa ya biyo garken shanu daga arewa da kalangu a hammata, ya zauna a unguwar Nima ta birnin Ankara yana yi wa mahauta kiɗa har Allah ya yi masa rasuwa. Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Kalangun ya bari, da sunan makaɗin mahauta, da doka guda: ba a wuce ƙofar Sarkin Fawa ba a buga takensa ba, ko da gobara ake gudu.

Dramani ya ci zamaninsa. Babu suna, babu aure a Nima da Maamobi da za a ce ya yi armashi in ba ya nan. Sai garmaho ya shigo gari. 'Ya'yan Sarkin Fawa Mumuni ne suka fara sayen nasu, aka koma rawar hailaif. Abin haushi, wai mutane da hankalinsu su bar makaɗin da ya san sunan kakanninsu, su zagaye akwatin da sai an murɗe masa kunne yake waƙa. Kira ya ɗauke ƙaf. Dramani ya gwada dakon doya a kasuwar Agbogbloshie, wuyansa ya ce bai san zancen ba.

Yana zaune a gindin mangwaro yana kaɗa wa kansa ne wani fasto ya tsaya. Ƙaramin coci gare shi can bayan Kotobabi, yana neman mai kiɗa don Buronya, wato Kirsimeti, da Ista. Dramani ya ce shi Musulmi ne. Fasto ya ce hannun yake so. Da ya kai shawara gida, matarsa Damata tukunya ta buɗe masa ya leƙa, wayam.

Ya karɓa, amma da tsoro a ransa. In labari ya kai kunnen Mumuni, zai iya ɗauke sunan makaɗin mahauta ya ba wani. Sunan ba ya kawo ko ƙashin miya yanzu, amma shi kaɗai ya rage masa na ubansa. Don haka ta bayan unguwar Kanda yake zagayawa, da kalangu a cikin buhu kamar ya sato akuya.

Ranar farko aka sa masa farar riga har ƙasa irin ta mawaƙa. Da aka bayyana masa cewa haihuwar Annabi Isa ake murna, ya yi salati, sannan ya tambaya a hankali ina aka ɗaure ragon. Aka ce babu. Ya daɗe yana girgiza kai, wai jariri mai wannan daraja a yi masa suna da biskit.

Kiɗa kam ya yi. Matan ƙabilar Ga da na Ewe suka yi rawa har ɗankwali na faɗuwa. Matsalar ita ce hali, zanen dutse. Da wani mai zane mai tsada ya shigo, ko ana tsakiyar wa'azi, sai gula ta sauka a kan fata, ya shiga yi masa kirari. Ala tilas fasto ya zaunar da wata tsohuwa kusa da shi, aikinta kawai riƙe masa gwiwar hannu. Ranar Juma'ar da ke gaban Ista kuwa aka ce ba a kiɗa sam. Ya zauna shiru tun safe, aka ba shi dokunu, wato tuwon masara, da kifi. Ya gaya wa Damata bai taɓa samun aikin da ya dace da shi haka ba.

Ana nan, a Buronyar shekarar 1961, fasto ya ce bana za a fita a zaga gari da waƙa. Dramani ya ari malafa ya kife fuskarsa, ya shige tsakiyar mata, yana kaɗa kiɗan da ba ya cewa komai. Bai san hanyar ba sai da ya ji ƙarnin nama da hayaƙin tsire. Layin mahauta aka shigo, ga ƙofar Mumuni can gaba.

In ya buga, asiri ya tonu. In ya wuce shiru, ya ci amanar ubansa. Tsohuwar ta ƙara damƙe gwiwar hannunsa. Ya fizge, ya matse tsarkiya, kalangu ya kira Mumuni da sunan ubansa da na kakansa.

Mahauta suka yo waje da wuƙaƙe a hannu, ƙafa na bin kiɗa tun kafin ido ya ga mai yi. Mawaƙa suka ga wuƙaƙe suka watse, fasto ya tsaya shi kaɗai yana addu'a da ƙarfi.

Mumuni ya fito yana dogara sanda. Ya sa bakin sandar ya ɗaga malafar, ya dubi fuskar, ya dubi farar rigar tun daga wuya har ƙasa.

"Ɗan Imoro, wa ya ba ka wannan?"

"Su ne, Baba Sarki."

"Ciki fa? Su ke ba ka abinci?"

Dramani ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama tsohon a gaban yaransa, don ya san rabon da ya aika a kira makaɗinsa. Ya miƙa wa wani sandar, ya tuɓe babbar rigarsa mai aska, ya zura wa Dramani a kan farar.

"Je ka gama musu. Ba a barin biki a tsakiya."

Aka tattaro mawaƙa daga lunguna, aka ci gaba. Dramani ya shige gaba, babu malafa, riga biyu a jikinsa cikin ranar Ankara, gumi na zuba, yana kuka yana kaɗawa har Kotobabi.