Kawu da Kujerar Mai Aski

Kawuna mai gyaran wuta ne, kuma bai yarda da kowace waya ba sai ya gwada ta. Yana da wani akwatin gwaji mai hannu kamar na injin niƙa. Zai kashe layi, ya maƙala ɗaya daga bakunan akwatin biyu a jikin waya, ɗayan a jikin ƙarfe, ya murɗa hannun. In allurar akwatin ta haura, robar wayar lafiya lau. In ta kwanta, wuta na yoyo. Matarsa takan ce da ana gwada mutane da akwatin nan, da har yau bai yi aure ba.

Wata rana mai askin layinmu ya kira shi ya ƙara masa soket. Kawu ya ce sai ya gwada tukuna. Yana murɗawa allura ta kwanta warwas.

Ya leƙa cikin silin, ya tarar ɓera ya gwigwiye robar waya, tsirarar tana gogar bututun ƙarfen da ya sauko ta bango har jikin kujerar aski.

"Maigida, kujerar nan ba ta jan mutane?"

Mai aski ya sosa ƙeya. "Ɗan kaɗan. Kamar tafiyar tururuwa."

Ashe tsofaffin layin sun daɗe da gano abin. Masu ciwon baya da na gwiwa suna zuwa aski ko da kansu tal yake, su riƙe hannun kujera, su lumshe ido. Shugabansu wani tsohon tela ne mai sanƙo.

Mai aski ya ja Kawu gefe, ya rage murya. "Ka gyara, amma don Allah ka bar min ko rabi."

"Rabin me? Gishiri ne? Ranar da wani ya zauna da jiƙaƙƙiyar ƙafa, gawa za ka yi wa aski!"

Kawu ya canja wayar, ya sake murɗawa, allura ta haura har ƙarshe.

Da rana sai ga tela. Ya zauna, ya kama ƙarfe, ya jira. Shiru. Ya cire takalmi, ya sake kamawa. Shiru.

"Wa ya kashe kujerar?"

Mai aski ya nuna Kawu da almakashi.

Tun daga ranar tela ya daina amsa gaisuwar Kawu. Sai da ya ji labarin akwatin gwajin Kawu ma yana ja, ya zo har gidansa, ya miƙa yatsu biyu.

"Ɗana, abin da ya wuce ya wuce. Maƙala min, ka murɗa a hankali."

Kawu ya rungume akwatinsa ya shige ɗaki. Matarsa ce ta fito da man zafi, ta ce wannan ma yana ja. Tela ya shinshina, ya yamutsa fuska, amma ya sa a aljihu.