Otal Ɗin da Ka Zaɓa da Kunne

Daga Allah muka fito, kuma wurinSa duk za mu koma.

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsakiyar koya wa 'yan aji biyu karatun taswira, wayata ta dinga motsi a aljihu. Ban duba ba sai da aka buga ƙararrawa. A bakin ƙofar ofishin malamai na tsaya na karanta saƙon ƙaninka, cewa Allah Ya yi maka rasuwa da safen nan a asibiti, bayan faɗuwar da ka yi a shagonka kana duba injin wani firji. Likita ya ce zuciya ce. Na sake karantawa, na nemi benci na zauna, allin da na fito da shi daga aji yana hannuna har aka tashi.

Mutanen layinku sun san ka da gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Mu kuwa a zaurenmu na intanet, inda masu son jiragen sama ke taruwa, Mai Taga muke ce maka. A cikinmu akwai matuƙa da ma'aikatan filin jirgi, amma yawancinmu irina da irinka ne, waɗanda babu abin da ya haɗa mu da jirgi illa in ya wuce sai mun ɗaga kai. Sau ɗaya a shekara muke haɗuwa ido da ido, mu kama otal kusa da wani filin jirgi, mu yi kwanaki muna kallon sauka da tashi muna musu. Matanmu sun daɗe da daina tambayar amfanin wannan abu.

Kai ne kake zaɓa mana gari da otal, kuma ba haka kawai aikin ya faɗo hannunka ba. Wata shekara ƙuri'a muka kaɗa a kan hotuna. Otal ɗin da ya ci yana da rufin bene mai kallon bakin titin jirgi, kowa ya yaba. Kai kaɗai ka tambaya ta ina iska ke kaɗawa a watan da za mu je, tunda jirgi iska yake fuskanta in zai sauka. Aka yi maka dariya, har wani matuƙi ya ce mai firji ya koma mai hasashen yanayi. Muka je da manyan kyamarori, muka tarar iska ta juya, jirage na sauka ta can ɗaya ƙarshen titin. Muka yi kwanakinmu muna kallon tankunan ruwa da shanyar maƙwabta. Ba ka taɓa cewa ai ka faɗa ba. Ka dai riƙa ɗaukar hoton shanyar kana turawa zaure kowace safiya, kana rubuta cewa ga wanda ya sauka yanzu.

Tun daga nan aka bar maka zaɓi, kai kuma ka ɗauke shi kamar aikin da za a tambaye ka a kansa. Ba ka yarda da hoto. Sai ka rufe shago, ka je da ƙafarka, ka tsaya a tagar ɗakin, ka buɗe famfo, ka gwada makullin banɗaki, ka sa kunne a jikin na'urar sanyaya ɗaki. Akwai otal ɗin da ka ƙi kama mana, amma sai da ka gyara musu firjin kicin kafin ka fito, wai ba za ka iya barinsa yana wannan kukan ba. Ka san wanda gwiwarsa ba ta son matakala, ka san mutum biyun da ba a haɗa su ɗaki saboda minshari, ka san wanda zai ce ba zai samu zuwa ba alhali abin hawa ne ba shi da shi, sai ka lallaɓa ka haɗa shi da mai mota ba tare da zaure ya ji ba.

Amma zaɓin bana nake so in rubuta, domin shi ne na ƙarshe, kuma tare muka yi tafiyar.

Dattijon zaurenmu shi ne Baba Hasumiya. Ya ƙare aikinsa a hasumiyar filin jirgi yana ba matuƙa izinin sauka da tashi. Ciwon ido ya ci ganinsa a hankali har ya rufe gaba ɗaya. Tun daga lokacin ya koma gane jirgi da ƙara. In ya ji rugugi sai ya karkata kai ya ce wannan mai farfela ne, ko wannan na kaya ne mai inji huɗu. Yana dacewa, yana kuma kuskurewa. Mu duka, saboda tausayi, ko me ya faɗa sai mu ce daidai ne, Baba. Kai ne kawai kake ce masa, "Ka faɗi, Baba, inji biyu ne." Sai ya hau ka da faɗa, ya ce yana saukar da jirage tun kana rarrafe, kai kuma ka ce shi ya sa kunnen ya gaji. Kullum kujerarka tana hannunsa na dama.

Taro biyu a jere Baba bai zo ba. 'Yarsa da yake zaune a gidanta ta hana, kuma tana da gaskiya, domin a taron da ya je na ƙarshe ya zame a matakala. Muryarsa ta ragu a zaure. Da can kowace safiya sai ya turo saƙon murya, sai ya koma mako-mako, daga baya shiru. Ka je gidan ka zauna da ita, ta gindaya maka sharuɗɗanta: babu bene, babu doguwar tafiya, kuma asibiti ya kasance kusa. Ka ce ka ji. A hanyar dawowa ka kira ni ka ce in bana Baba bai zo ba, to ba zai sake zuwa ba, kuma ba ciwon ido ne zai hana shi ba, zaman ɗaki ne.

Garuruwa biyu ne a gabanmu. Na farko babban birni ne, filin jirginsa ba ya hutawa. Otal ɗin da zaure ya ƙwallafa rai a kansa dogon bene ne, a samansa akwai falo na gilashi daga ƙasa har rufi, titin jirgi shimfiɗe a gabanka. Muka hau, muka shiga falon. Wani ƙaton jirgi ya taso a gabanmu har ina ganin tayoyinsa suna naɗewa. Na juyo in ce maka ai an gama, sai na gan ka tsaye ka rufe ido.

"Malam, rufe naka," ka ce da ni. "Me ka ji?"

Na rufe. Na ji ƙarar cokali a faranti da wani kiɗa mai sanyi daga rufi. Gilashin irin mai kauri ne da ke hana ƙara shigowa, manajan ma yana alfahari da shi. Ka yi masa godiya, ka yaba tsabtar wurin, muka sauko.

Gari na biyu ƙarami ne, kuma bai yi nisa da gidan 'yar Baba ba. Otal ɗin tsoho ne, babu bene ko ɗaya, fentinsa ya koɗe, ɗakunan suna zagaye da wani tsakar gida mai doguwar baranda da kujerun roba. Titin jirgi ba ya ganuwa sam, katangar wani sito ta tare shi. Na ce maka ka jawo ni wannan tafiya ne don in kalli katanga? Ka ce in zauna in yi haƙuri. Ba a jima ba kofunan da ke kan tebur suka fara rawa, wani jirgi ya bi ta saman kanmu ƙasa-ƙasa zai sauka, har na ji shi a ƙirjina. Manajan ya taho da sauri yana ba mu haƙuri, yana cewa yana da ɗakuna a baya inda ƙarar ba ta kai haka ba. Ka ce masa na gaban nan muke so, duka. Ya dube ka, ya dube ni, ya ga alama ba wasa kake ba.

Ba ka tsaya nan ba. Ka auna faɗin ƙofar ɗakin farko da hannunka, ka taka daga bakin gado zuwa baranda ido a rufe, inda ka yi tuntuɓe da wata tukunyar fure ka roƙi a ɗauke ta. Ka tambayi mai gadi ta ina jirage ke saukowa a ƙarshen Maris, ka sake tambayar mai wankin otal ɗin don ka tabbatar. Sannan muka taka har asibitin da ke bayan layin.

Da ka sanar da zaɓinka, zaure ya kama da wuta. Masu kyamara suka ce an cuce su. Wani ya ce tsufa ya fara kama Mai Taga, wani ya ce a koma ƙuri'a. Waɗansu suka janye sunansu. Ni da na san dalili na so in yi bayani, ka hana ni, ka ce ba za a mayar da Baba abin tausayi a gaban jama'a ba. Abin da ka rubuta kawai shi ne, bana taron kunne za mu yi, mai son hoto ya ɗauki tumbin jirgi daga ƙasa, tunda bai taɓa samun irinsa ba. Wannan magana ta ba wasu dariya, suka dawo. Waɗanda suka gane kuma suka yi shiru, suka kama ɗaki. 'Yar Baba ta amince. Washegari saƙon muryarsa ya shigo zaure, yana gargaɗin kowa ya wanke kunnensa.

Saura ƙasa da mako biyu taro, ka tafi.

Mun so mu fasa. Da muka je yi wa iyalinka gaisuwa na faɗa wa matarka haka. Ta ce, "Malam, kada ku fasa. Mutumin nan ya hana ni sakat da zancen barandar nan. In kuka fasa, wahalar banza ya sha ke nan." Baba kuwa ya aiko cewa ba zai zo ba, wai wa zai je ya tarar. Na tuka mota na je gidan da kaina. Na same shi zaune a bakin gado, rediyo a kashe. Ban iya lallashi ba, ka sani. Na dai ba shi labarin tukunyar furen da ka yi tuntuɓe da ita ido a rufe. Sai ya ce wa 'yarsa ta ɗauko masa hularsa.

Ranar farko ta taro, da la'asar, muka jeru a barandar. Mun fi yadda na zata yawa, har da waɗanda suka janye. Baba ya fito daga ɗakin farko da sandarsa, ya iso kujerarsa babu wanda ya riƙe shi. Kujerar da ke damansa babu wanda ya zauna a kai, ba kuma shawara muka yi ba. Iska tana inda mai gadi ya ce za ta kasance. Kofuna suka fara rawa, jirgi ya bi ta kanmu, Baba ya karkata kai ya ce na kaya ne, mai inji huɗu.

Na fasinja ne, injinsa biyu, kowa ya gani. Baranda ta amsa baki ɗaya, "Daidai ne, Baba."

Ya juya fuskarsa dama, wajen kujerar nan, ya tsaya yana jira. Na ga hannunsa ya fara laluben sandarsa kamar mai shirin komawa ɗaki. Ban san lokacin da na tashi ba. Na zauna a kujerarka, na ce, "Ka faɗi, Baba. Inji biyu ne."

Ya saki sandar. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Kai kuma malamin taswira, yaushe ka san jirgi? Ina saukar da su tun kana rarrafe." Muka yi ta musu har rana ta faɗi, ya ci wasu, na ci wasu. Kafin mu watse ya tambaya ina za a yi na baɗi.

Na yi kewarka, abokina, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Har yanzu in jirgi ya wuce ta saman makaranta sai hannuna ya tafi aljihu zan kira ka.

A madadin zaurenmu ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, ga mahaifiyarka da ƙaninka, ga abokan aikinka na shago, da kuma Baba Hasumiya da ya rasa abokin musu. Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu a bayanka, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa ciwon da ka yi ya zama kaffara. Ka shafe shekaru kana takawa da ƙafarka don ka nema wa mutane masaukin da ya dace da su. Allah Ya zaɓa maka naka a Aljannar Firdausi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.