Wayar da Na Datse da Hannuna

Abin nan ya faru ne a wani ƙauye tsakanin Madarunfa da Ɗan Issa, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina gyaran rediyo a Maraɗi, sai wasu masu kaki suka ɗauke ni aiki, don an kawo musu na'urar neman bindigogin da ake cewa ana binnewa a ƙauyuka, kuma babu wanda ya san kanta a cikinsu. Ba wani abin kirki ba ce: faifai ne a bakin sanda, cikinsa siririyar wayar jan ƙarfe an naɗe ta zagaye-zagaye, sai pil, wato batir, sai abin sawa a kunne. In faifan ya bi ta kan ƙarfe sai ta yi kuka. Ni ke jan sandar, shugabansu, wani mai muƙamin ajidan, mai jajayen idanu, shi ke saurare. Ita dai ba ta bambanta bindiga da tsohuwar hauya, shi ma bai damu ya bambanta ba, in ta yi kuka a gidanka to an tafi da kai ke nan.

Ran nan aka ce gidan Tanko za mu, wani manomi da aka kai tsegumi a kansa. Na san shi sarai, garinsu ɗaya da mahaifiyata Hajara, mutumin da ko akuya ba ya duka. Kafin mu hau mota na buɗe faifan, na sa almakashi na datse wayar, na mayar da murfi. Na kara ta a jikin mota don in tabbata, shiru.

Da hantsi muka isa, muka bi ɗakuna da turke da madafa, ba ko ƙis, har na fara hamdala a raina. Muna zagawa bayan rumbu sai na'urar ta tsala wani irin kuka, har matan da ke tsaye nesa suka ji. 

Ajidan ya ce, "Mi ka binne nan?"

Tanko ya ce, "Ranka shi daɗe, ba komi. Nan awakina ka kwana."

Aka miƙa masa magirbi. Ya yi ta haƙa, matarsa da 'ya'yansa suna kallo, in ya tsaya shan iska a narka masa gindin bindiga, har azahar ta gota, rami ya kai masa ƙirji, ko allura ba a gani ba, na'urar kuwa ba ta fasa kuka ba. Sai ya ɗago ya dube ni, bakinsa duk jini, ya ce, "Ɗan Hajara, kai ka san ni. Gaya mishi abin ga ƙarya shikai."

Da na buɗe faifan na nuna wayar a yanke, da ya tsira. Amma da an tambayi wanda ya yanke ta. Tsoro ya kama ni, na ce, "Baba, na'ura ba ta ƙarya."

Harbi ɗaya ajidan ya yi wa Tanko, yana cikin ramin, kuma nan take kukan na'urar ya tsaya cak. Matarsa aka sa ta mayar da ƙasar.

Na bar aikin, ban ƙara naɗa waya ba. Amma sau uku tun daga nan na ji kukan a kunnena, da rana tsaka, ba na'ura ba komai, kuma duk inda na ji shi ba a yi mako ba sai an haƙa kabari a wurin. Na tambayi malamai, babu wanda ya ba ni amsa. Jama'a, in kun san gaskiyar da za ta ceci mutum, ku faɗe ta yana da rai. Ni tun shekaranjiya nake jin kukan a tsakar gidana, kuma mu tara ne a gidan.