Ƙararrawar Baba Manasseh Ta Kai Lau

Mu mutanen unguwar Barade a Jalingo ba zakara ke tashinmu ba, Baba Manasseh ne. Da sassafe zai fito da ƙararrawarsa ta tagulla, ya goge ta da toka, ya kaɗa ta a ƙofar gida, wai don ya ji ko ta kwana lafiya. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, kuma wallahi kunnena ya ji jiki. Daga nan sai ya hau kekensa ya nufi sito, inda ake ajiye kayan da aka shigo da su daga waje, masu su ba su zo sun karɓa ba.

Aikinsa shela. Doka ba ta yarda ma'aikaci ya sayar da irin kayan nan yadda ya ga dama ba, komai girman kujerarsa. Sai wa'adi ya cika, an sanar da jama'a, sannan a yi gwanjo a fili kowa na gani. Sanarwar ita ce rabon Baba. Da wani ne, sai ya kaɗa ƙararrawa a bakin sito ya ce ya gama. Shi kuwa sai ya ratsa Kasuwar Jalingo layi-layi yana siffanta kaya har da tabon da ke jikinsu. Masu nama na tsokanarsa: "Baba, ko keken ɗinkin nan 'yarka ce za ka aurar?" Ya ce, "Ba mai saye nake nema ba. Mai kaya nake nema."

A daminar 1994 aka sa injin kwalekwale cikin kayan gwanjo, sabo fil, an zana jan kifi a murfinsa da fenti. Alhaji Sirajuddeen, mai jigilar yashi, ya gani ya ƙyasa. Ya san shugaban siton ba zai ba shi ta bayan fage ba, sai ya tare Baba a gindin mangwaro, gaban masu shayi. Su ne suka ba ni labari.

"Manasseh, ba na ce ka ƙi shela ba. Yi ta a bayan sito, awaki su ji. Goronka na nan."

Baba ya yi dariya har yana riƙe ciki. Da Hausarsa ta Jalingo ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙararrawa na bai iya raɗa ba."

Sannan ya yi tunani: me injin kwalekwale zai yi a Jalingo? Mai shi yana bakin kogin Binuwai. Ranar kasuwar Lau, garin da ke bakin kogin, ya hau bayan akori-kura, ya zauna kan buhunan gishiri, ruwa na dukansa, ba wanda ya aike shi. Ya sauka jiƙe sharkaf ya soma kaɗawa. Yana cewa "jan kifi a murfi", wata mai sayar da bandar kifi, Kande, ta ƙwala ihu ta watsar da farantinta.

Mijinta Yuguda ne ke fiton mutane a kogin, da sanda da ƙarfin ƙirji. Ya sayar da shanunsa na noma ya tura ƙanensa garin Garwa, ƙetaren iyaka, ya sayo inji. Ƙanen ya sayo, ya zana kifin da hannunsa, har ya aiko musu da labarin zanen, amma a kan iyaka abin biyan haraji ya gagare shi, aka riƙe injin. Kunya ta hana shi faɗa. Kullum sai ya ce, "Yana hanya, Yaya." Shanu sun tafi, saura ƙiris inji ya bi su.

Ba a kwana ba masu fito da matan kifi suka yi karo-karo. Washegari Yuguda ya iso Jalingo, ya biya abin da doka ta ce, ya ɗauki injinsa. An ce ya riƙe hannun Baba yana ta godiya da Fillanci, "Useko, useko", hawaye na zuba, Baba kuwa yana neman a ba shi busasshiyar riga. Alhaji Sirajuddeen ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya shi ma ya koma tsokana: in ya hango Baba sai ya toshe kunne.

Kai ne, Baba Manasseh, mai muryar da ba ta sayuwa. Ba ka da tebur, ba ka da hula mai tambari, amma ba don kai ba da dokar nan ta zama ado. Kai ka ɗauke ta a keke ka kai ta kunnen talaka.

Bana Baba ya yi ritaya. An kawo mota mai lasifika, wani sabon ma'aikaci, Timoti, ke riƙe da ita. Ƙararrawar tana gida, kuma har yau yana gwada ta da safe, Allah ya ba ni haƙuri. Watan jiya na raka shi Lau. Muna shiga kwalekwale Yuguda ya hana shi taɓa aljihu, Kande ta cusa masa kifi a jaka, ni kuwa aka karɓi kuɗin fitona cif. Da aka ja igiyar inji ya ɗauka, Baba ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Wannan ya fi ni ƙara."

Mun gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya bar maka muryarka. Kai kuma Timoti, da duk wanda aka damƙa wa sanarwa, kada ku tsaya inda masu saye suke. Ku ƙarasa inda mai kaya zai ji.